Ɗana ya canza kulob ɗin taekwondo, sun ce belet ɗinsa bai yi ba

Malam, ka ce yaronka ya samu shuɗin belet a Agege, da kuka koma Surulere sabon koci ya mayar da shi baya. Ba lalle zalunci ba ne.

Taekwondo gida biyu ne manya. Akwai ƙungiyar ITF ta ƙasa da ƙasa da Janar Choi Hong Hi ya kafa a 1966, masu jerin motsi 24 da ake kira tul. Akwai kuma tsarin Kukkiwon, babbar cibiyar taekwondo ta birnin Seoul, wanda ake fafatawa da shi a Olamfik, inda ɗalibi ke haddace jerin motsi na Taegeuk guda 8 kafin baƙin belet. Wanda ya iya Chon-Ji, tul na farko a ITF, a ce masa yi Taegeuk Il Jang, na farko a tsarin Kukkiwon, sai ya tsaya yana zare ido, alhali ƙafarsa na aiki. Ko cikin tsari ɗaya ma, launukan belet kowane kulob da nasa. Takardar dan, wato matakin baƙin belet, ita ce kawai Kukkiwon ta daidaita.

Kuskuren iyaye shi ne biyan kuɗin jarrabawa ba tare da karɓar takarda ba. Ni ma na taɓa yi. Ka tambayi tsohon kocin wane tsari yake bi, sabon kuma ya gwada yaron tukuna. In an yi gardama, ka nemi ƙungiyar taekwondo ta jihar Legas.