Re: Mai horaswata ba ya ba ni amsa, sai dai ya maido mini da tambaya

Wayyo 'yar'uwa, ina karanta saƙonki sai na ji kamar ni na rubuta. Kin ce duk abin da kika tambayi mai horaswa kan kasuwanci da furoje ya haɗa ku sai ya ce "to ke me kike gani?", shin ki haƙura ko ki bar shi. Ni ma irinsa aka ba ni nan Tawa.

Albasar Galmi na saya lokacin cira, wajen watan Afrilu tana araha, na zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa. Damina ta kawo kai, na ce malam, in sayar ko in jira ta yi tsada? Ya gyara tabarau ya ce amsar tana cikina. Mutumin da ya karanta aikin gona! Ya san albasar da aka cika wa takin zamani, aka yi ta ba ta ruwa har ranar cira, ba ta ajiyuwa. Bai ce in tambayi manomin ba. Ranar da na buɗe rudun wari ne ya fara tarye ni, ruwa baƙi yana ɗiga ƙasa, in na ɗaga ɗaya sai ta narke a hannu. Na zauna cikin ƙuda ina tsinta, yara suna kallona. Kuɗin adashi ne fa. Da na gaya masa, wai "me kika koya daga wannan?" Wallahi har yau in na hango babur irin nasa gabana faɗuwa yake.

Ki faɗa wa naki mai horaswar gatsau: abin da yake na sani ne, farashi, ajiya, takardun haraji, ya faɗa miki, aikinsa ke nan. Wanda ya san akwai rami a hanya ba ya tambayar makaho ra'ayinsa. Tambayoyin nasa ya ajiye su wurin maganar gida, ko za ki sa maigida cikin jari, nan kam ke kika san abinki, kada ma ya sa baki.

Kuma don Allah kada ki zuba kuɗin adashi a kayan da ke ruɓewa. Ga iyakar Benin da aka rufe a 2023, kaya suka daina fita yadda aka saba. Ki nemi tsofaffin dillalan tasha ki gaishe su da goro. Me kike sayarwa ma tukuna? Ba ki faɗa ba.