Me zan tarar a ƙaramin gari na bakin kogi?

Malam, ka ce aiki zai kai ka ƙaramin gari a bakin kogi, kana son sanin abin da ke can. Galibi za ka samu makarantar firamare, ɗakin shan magani, 'yan shaguna da kasuwa. Babban asibiti da banki kuwa sai birni.

Ni dai hanya zan fara bincika. Gada ce ko kwale-kwale? In kogi ya cika, garin kan yanke kwana da kwanaki, har mai naƙuda sai ta jira. Tambayi dattawa inda ambaliya ta taɓa kaiwa, ka kama gida a kan tudu. Ruwan kogin sai an tafasa, kuma wanka a ciki kan jawo tsargiya. Ka tafi da gidan sauro.