Tambayi Anti: “Wata Biyu Ina IT, Ban Wuce Fotokwafi da Sayo Abinci Ba”

Wannan makon wasiƙun 'yan IT (ɗaliban da ake turawa koyon aiki a ma'aikatu) ne suka cika mini akwati, kusan duka daga masu koyon aikin hulɗa da jama'a da harkar talla. Na zaɓi huɗu. Na cire sunayen ma'aikatu da kamfanonin da aka ambata, don kada amsar Anti ta jawo wa wani kora.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar aji uku ce a sashen koyon aikin jarida. Na samu gurbin IT na wata shida a ofishin hulɗa da jama'a na wata hukumar gwamnati. Yau wata biyu ke nan, aikina bai wuce fotokwafi da kai fayil ofishin darakta da sayo wa ogana shinkafa da wake ba. Ranar da aka yi taron manema labarai, ruwa aka sa na raba. Logbuk ɗina, wato littafin rubuta aikin kullum, fayau yake, alhali ƙawayena da ke gidan rediyo har muryarsu ake ji. In nemi canjin wuri ne, ko in haƙura?
Ɗaliba daga Gwale, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kukanki yana kan hanya. Hukumar horar da ma'aikata ta ITF, mai hedikwata a Jos, ta ƙirƙiro shirin SIWES, wato wannan IT ɗin da kike yi, a 1973 ne saboda masu ɗaukar ma'aikata suna ƙorafin cewa ɗalibai na fitowa da takarda amma hannunsu bai taɓa aiki ba. Koyon aiki aka turo ki, kuma haƙƙinki ne a koya miki.

Sai dai ina so ki leƙa zuciyar oganki kaɗan. Jami'in hulɗa da jama'a mutum ne da kullum yake tafiya a kan siraɗi. In sanarwa ta fita da kuskure, darakta ba zai nemi 'yar IT ba, shi zai kira. Bai san me kika iya ba, kuma ba shi da lokacin gwada ki.

Ni na san abin da yake tsoro, don na taɓa jawo wa nawa ogan. Lokacin da na yi IT a wani kamfani a Bompai, makonni uku na farko reza da gam aka miƙa mini. Kowace safiya in zauna da New Nigerian da Triumph da Gaskiya Ta Fi Kwabo, in yanko duk inda aka ambaci kamfanin ko abokan gogayyarsa, in manna a wani ƙaton littafi. Na riƙa gunaguni har oga ya gaji, ya ba ni aikin tsara katin gayyata na buɗe wata rijiyar burtsatse da kamfanin ya haƙa wa wani gari. Da rawar jiki na tsara, na kai maɗaba'a, aka buga kati ɗari biyu. A layin babban baƙo na rubuta “Dagacin” garin, alhali mutumin hakimi ne mai rawani da sarauta daga fada. Sai da aka raba fiye da rabi wani dattijon direba ya lura. Oga da kansa ya sa babbar riga ya tafi gidan hakimin, ya zube ya ba da haƙuri, aka sake buga kati da kuɗin da ba a kasafta ba. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Washegari ya ajiye mini takarda, ya ce in jera masa masu sarautar gundumar tun daga hakimi zuwa dagatai da masu unguwanni, kowa da cikakken laƙabinsa. A jami'a babu malamin da ya taɓa gaya mini cewa rabin aikin nan a ƙasar Hausa sanin wa ke gaba da wa ne, da wanda za a fara ambata in an ɗauki makirufo.

To ga abin da za ki yi daga Litinin, ba tare da kin jira an sa ki ba. Da daddare ki saurari shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyon Kano, inda sojojin baka suke kwance wa hukumomi zani a kasuwa. Da safe ki duba Daily Trust da Aminiya da abin da ake faɗa a Facebook. Ki rubuta rabin shafi: wane gida ne ya ambaci hukumarku, me aka ce, wa ya faɗa, ƙarfe nawa. Ki ajiye a teburin oga kafin ya iso. Ranar farko zai ɗauka zumuɗi ne. Ranar da darakta ya kira shi yana tambayar me aka ce jiya a rediyo, ya ga amsar tana gabansa, daga ranar kin daina zama 'yar aike.

Sannan ki nemi izinin mayar da kowace sanarwa Hausa. Yawancin ofisoshinmu da Turanci suke rubutawa, su tura gidan rediyon da kusan duk labaransa da Hausa yake karantawa. Can sai wani mai fassara da ke sauri ya juya ta yadda ya fahimta, hukuma ta wayi gari an ce ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. In editan labarai ya samu Hausa mai tsafta, sau da yawa haka zai miƙa wa mai karantawa. Ki sa ƙugiya a inda take, don “kafa” daban, “ƙafa” daban. Kuma ki karanta a bayyane kafin ki miƙa. Duk jimlar da numfashinki ya yanke kafin ki kai ƙarshenta, raba ta biyu.

Rabon ruwan ma da kike jin haushinsa, ai ke kaɗai kika tsaya gaban kowane ɗan jarida a zauren. In an sake yin taro, ki riƙe littafi, ki rubuta sunan kowa da gidan da yake wa aiki da lambar wayarsa. Na san jami'ai da suka shekara goma a kujera, dukiyarsu ke nan.

Sayo abinci kuwa, in jefi-jefi ne ki ɗauke shi ladabi. In ya zama kullum, ranar da kike tsakiyar rubutu ki ce, “Yallaɓai, in ƙarasa wannan tukuna ko in ajiye?” Shi zai zaɓa da bakinsa. Ki ba wa wannan dabara wata guda. In babu canji, ki je wurin mai kula da SIWES a makarantarku, shi zai amince da sauyin wuri. Kada ki tashi da kanki, don inda kika cike a fom ɗin fara aiki nan malamin da zai duba ki zai je, in bai same ki ba ke ce a ruwa.

Tambaya: Anti ina gaisuwa. Na gama ND a fannin kasuwanci, ina IT na shekara guda da wani ƙaramin kamfanin lemon roba. Sun tura ni kasuwar Singa, an yanka mini adadin katan da zan sayar duk mako, babu albashi sai kamasho, kuɗin mota ma daga aljihuna. Abin da ya fi damuna, manajan ya ce in riƙa gaya wa 'yan kasuwa lemon yana maganin basir da shawara, kuma in ce farashi zai tashi mako mai zuwa. Ni ban ga inda aka rubuta haka ba.
Ɗalibi daga Rijiyar Lemo

Amsa: Ƙanena, ba ka ga inda aka rubuta ba saboda babu. Lambar NAFDAC da ke jikin robar ta lemo ce. Kafin a ce abin sha yana warkar da cuta sai hukumar ta amince da wannan iƙirari, kuma talla irin wannan tana ƙarƙashin tantancewar ARCON, hukumar kula da tallace-tallace, wadda ta maye gurbin APCON a 2022. Manajanka ya san haka, shi ya sa bai buga a kwali ba, ya ɗora a bakinka. In magana ta tashi, cewa zai yi yaron IT ne ya ƙaro gishiri. Ka tuna kuma hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Mai shawara da ya zauna yana kurɓar lemo maimakon zuwa asibiti, alhakinsa ba ƙarami ba ne.

Ƙaryar farashi kuwa sau ɗaya take ci a Singa. Alhajin da ya sari katan hamsin don tsoron tsada, ya ga mako ya zagayo farashi na nan, ya gama da kai, kuma kafin la'asar duk layin sun ji.

Duk da haka ban ce ka gudu ba. Singa makaranta ce da babu irinta, daga nan kaya ke tafiya har Nijar da Chadi. Ɗan kasuwar can abu huɗu yake son ji: nawa zai ci a katan, yaushe kayan za su lalace, suna tafiya ko kwantai suke yi, kuma in sun ƙi fita kamfani zai karɓa ya canza? Ka je da waɗannan amsoshi a bakinka. Kada ka tari mutum yana tsakiyar lodi ko lissafi. Ka gaisa, ka samu benci, ka jira. Ka yi abota da yaran shago, su ne ke cewa mai saye “ga wani sabo, gwada shi”. Ka riƙa rubuta dalilin duk wanda ya ƙi saye, ranar Juma'a ka kai wa manaja a takarda. In mutum goma sun ce robar tana yoyo, ka ba kamfanin abin da ya fi katan ashirin daraja.

Abu biyu kada ka kuskura: karɓar kuɗi hannu ba rasit, da ba da kaya bashi da sunanka. Na ga yaron da ya gama IT da bashin da ya fi kamashonsa na shekara. Maganar kuɗin mota kuma ka nema a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne. In sun ce sai ka yi ƙaryar magani ko ka tafi, ka tafi. Shekara guda tana da tsawo, za ka samu wani wurin.

Tambaya: Anti, bayan wani taro an ba ni ambulan in raba wa 'yan jarida, an ce kuɗin mota ne. Mutum 14 suka zo, amma takardar sa hannu tana da suna 25, aka ce in cike sauran da hannuna. Na ce biro ya ƙare, na zame. Gobe fa?
Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: 'Yata, Allah Ya yi miki albarka, dabarar biron ta ba ni dariya, amma ba za ta yi sau biyu ba. Ambulan tsohuwar cuta ce a aikin nan. Ka'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana ɗan jarida karɓar na goro don ya buga labari ko ya danne shi, amma kowa ya san ana bayarwa ana karɓa, kuma ni ma ba zan ce hannuna bai taɓa miƙa ambulan ba. Ba ke za ki gyara wannan a wata huɗu ba. Sa hannun mutum 11 da ba su zo ba kuwa wani abu ne daban: takardar bogi ce ta fitar da kuɗi, kuma in masu binciken kuɗi suka zo, rubutun hannunki za su gani. Ki samu ogar ita kaɗai, ki ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, a gida an hana ni sa hannu a madadin wani.” Ba ki zarge ta ba, ba ki kuma bar ƙofa a buɗe ba. In an matsa, ki sanar da malaminki na makaranta tun kafin abin ya yi nisa.

Tambaya: Da gaske ne sai na yi rajista da NIPR, ƙungiyar masu aikin hulɗa da jama'a ta ƙasa, kafin in yi aikin hulɗa da jama'a? Kuma laifi ne in cike logbuk gaba ɗaya a makon ƙarshe?
Ɗalibi daga Katsina

Amsa: Don IT ba ka bukatar rajista. In ka gama kana son riƙe aikin a matsayin sana'a, e. Ƙungiyar ta faro a 1963, kuma doka mai lamba 16 ta 1990 ta ba ta ikon yi wa masu sana'ar rajista. Ka nemi reshen jiharku tun yanzu ka riƙa leƙa tarukansu, a nan ake jin inda ake neman ma'aikaci.

Logbuk kuwa, na sa hannu a kan da yawa, kuma wanda aka cike a dare ɗaya ba ya ɓuya: biro ɗaya, rubutu iri ɗaya, har ranar Babbar Sallah an rubuta “na halarci taro”. Ka ware minti biyar kafin ka tashi kullum. In ranar babu abin da ka yi sai fotokwafi, ka karanta takardar da ka kwafa, ka rubuta ko ta mece ce da wanda aka aika wa.