Amsa ga ɗana a kan jinyar tsofaffi da zancen inshora

Ɗana, saƙonka ya iso ni nan Argungu, kuma na kwana biyu ina juya shi a raina. Ka tambaya ko abin kunya ne a al'adarmu mutum ya ɗauko mai jinya ya biya ta don ta kula da mahaifiyarsa, ko ya riƙa zuba kuɗi a inshora saboda ranar tsufa, tunda wasu sun ce maka wannan gudun nauyin iyaye ne irin na Turawa.

Bari in faɗa maka yadda muka taras. Lokacin da muka tashi, gidan kakanka gandu ne. Mu 'ya'ya maza muna noma gonar gandu da safe, da la'asar kowa ya nufi gayaunarsa. Hatsin gandu rumbu ɗaya yake shiga, daga nan ake ciyar da tsoho da maraya da wanda ciwo ya kwantar. Ka ba da ƙarfinka kana saurayi, a riƙe ka ran da ƙarfin ya ƙare. In ka duba da kyau, me ya raba wannan da inshorar da kake tambaya? Da gumi muke biya, ku kuma albashi Allah ya ba ku.

Akwai abin da mu maza ba mu cika faɗa ba. Da shanyewar ɓarin jiki ta kama kakarka, shekara huɗu tana kwance, kuma ba mu muka yi jinyar ba. Goggonka ce da matan gida: juya ta cikin dare don kada bayanta ya yi gyambo, wanke shimfiɗa, ɗura mata kunu da cokali. Wata jikanya ma an cire ta daga makaranta don ta riƙa kwana ɗakin tsohuwa. Har yau abin yana ci mini rai. Yarinyar nan tana da kai, kuma babu wanda ya tambaye ta ko tana so. Saboda haka in wani ya ce maka a da kyauta ake kula da iyaye, ka ce masa akwai waɗanda suka biya, ba a dai rubuta sunansu ba.

Yanzu gandu ya watse. Kai kana Abuja, ƙanenka yana Legas, ƙannenka mata da suka yi aure suna ɗakunan mazajensu. Wasu ƙasashen sun riga mu shiga wannan hali. Jamus ta kafa inshorar jinyar tsufa ta dole a 1995. Japan ta bi a 2000, inda kowa ke fara biya daga shekara 40, gwamnati kuma ta cika kusan rabi daga haraji. Amurka a 1996 ta ba da damar rage wa mutum haraji a kan abin da yake zubawa a irin wannan inshora, gwargwadon shekarunsa.

Mu a nan, dokar 2022 da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta wajabta inshorar lafiya, kuma jiharmu ta Kebbi tana da tata hukumar, KECHEMA. Ka yi wa Innarka rajista, kada ka yi sanya. Amma ka sani wannan ta asibiti ce da magani, ba ta biyan wadda za ta yi mata wanka kullum. A wajen haraji, ana cire kuɗin fansho da na inshorar lafiya da na inshorar rai kafin a yanka maka. Lokacin da nake aiki, rangwamen da ake yi wa mai riƙon dangi naira 2,000 ne a shekara kan kowane mutum, kuma ba ya wuce mutum biyu. A ganina wannan bai yi kusa ba. Wanda ya riƙe tsohuwa a gida ya ɗauke wa gwamnati gadon asibiti, ya cancanci a sassauta masa sosai. In kuma riba kake tsoro, akwai takaful, inshorar Musulunci wadda aka gina a kan taimakekeniya; ka tambayi malamin da ka amince da shi.

To, ka ɗauko mai jinya, babu kunya a ciki. Amma a nemo mace mai tsoron Allah wadda aka san gidansu, a biya ta kan lokaci, kuma Innarka ta zauna a ɗakinta, cikin jikokinta da maƙwabtan da ta saba da su. Abin da al'ada ta ƙi shi ne ka turo kuɗi ka ɗauke ƙafa. Allah ya hana mu ce wa iyaye ko da "uf", shiru na wata uku kuwa ya fi "uf" ciwo. Jiya da na je gaishe ta, sau biyu tana tambayar ranar zuwanka.

Ka kira ƙannenka ku tsayar da abin da kowa zai riƙa bayarwa duk wata, har da ɗan abin hannun ƙanwarka da ke kwana wurinta yanzu. In kun zo da Sallah sai mu zauna a zaure mu rubuta shi, ni zan zama shaida.

Baffanka.