Mai ƙara wa labari gishiri don a yi dariya, ya yi zunubi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni mutum ne mai raha. Idan muka zauna da abokai ni ne mai ba su dariya, kuma ina yawan ƙara wa labari gishiri. Wani lokacin ma kacokan nake ƙirƙiro shi in ce da ni ya faru. Wani abokina ya ce zunubi nake kwasa, alhali ban cuci kowa ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokinka ya yi maka nasiha, sai dai maganar tana buƙatar tafsili.

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Mu'awiya bin Haida cewa Annabi (SAW) ya ce azaba ta tabbata ga wanda yake ba da labari yana ƙarya don ya ba mutane dariya, kuma sau uku ya ambaci azabar. Lura, hadisin bai sharɗanta a cuci wani ba. Don haka hujjarka ta "ban cuci kowa ba" ba ta kuɓutar da kai. Labarin da ka ƙirƙira ka jingina wa kanka, mutane suka tashi suna zaton ya faru, ƙarya ce, kuma haramun ce ko da an yi dariya har da hawaye.

Raha kanta ba a hana ba. Sahabbai sun ce wa Manzon Allah (SAW): kana wasa da mu? Ya ce shi ba ya faɗin komai sai gaskiya. Anas ya ruwaito cewa wani ya roƙe shi abin hawa, ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya ce me zan yi da ɗan taguwa? Sai ya amsa masa da cewa ai duk raƙumi taguwa ce ta haife shi. Ga raha ta samu, kuma babu harafi ɗaya na ƙarya. Irin wannan ya fi shara ƙarya wuya, shi ya sa masu iya shi ba su da yawa.

Gishirin kuwa iri biyu ne. Akwai kambamawar da kowa ya san salon magana ce, kamar ka ce "na kira ka sau ɗari". Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ce wannan ba ƙarya ba ce idan da gaske ka yi ta kira, amma idan sau ɗaya ka kira to ka yi ƙarya. Asalin wannan salon yana cikin hadisin Faɗima bint Ƙais a Sahihu Muslim, inda aka siffanta Abu Jahm da cewa ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, alhali an san yana ajiye ta idan zai yi barci. Ɗaya irin shi ne ka ga kare ka ce kura ce ta biyo ka, ana sauraro ana jinjina jarumtarka. Wannan ya fita daga salon magana, ya koma labarin da bai faru ba.

Ma'aunin dai shi ne abin da mai sauraro ya ɗauka. Tatsuniya da misalan dabbobi masu magana, malamai da yawa sun halatta su domin babu wanda aka yaudara. Idan ka buɗe da "a ce wani mutum ne", ka fita daga laifi, dariyar kuma ba za ta ragu ba.

Mafi muni shi ne wasan da ake tsorata mutum da labarin mutuwa ko haɗari, daga baya a ce wasa ne. Abu Dawud ya ruwaito cewa bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba, kuma dalilin hadisin igiya ce kawai aka ɗauke wa wani sahabi yana barci. Haka mai cewa a waya "ga ni nan a hanya" alhali ko takalmi bai sa ba, shi ma ya binciki kansa.

Ka yi istigfari a kan abin da ya wuce. Idan a cikin labaranka ka taɓa ƙaga wa wani sananne a wurinsu abin da bai yi ba, wajibi ne ka koma majalisar ka wanke shi. Wallahu a'alam.