Kan Zuwa Gaida Dagaci

Ɗana, saƙonka ya iso. Na yi murmushi da na karanta, daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai. Ka ce ka sayi gona a ƙauyenmu, takardar ƙaramar hukuma na hannunka, to mene ne na ɗaukar goro zuwa ƙofar dagaci, har da tuɓe takalmi da durƙuso?

Ka san dai ƙasar da ka sayi gonar a cikinta? Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma har gobe Autan Bawo ake yi wa sarkinta kirari. Lokacin da muke yara, da Kibiya da Bunkure duk ƙasar hakimi ɗaya ce. Mai unguwa ya kai magana gun dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Kano. Ƙaramar hukumar da kake ji da takardarta a gabanmu aka yi ta, da gyaran 1976, bayan an rushe En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna.

Bari in ba ka labarin wata safiya. Bayan farin 1973 mutane sun jigata, sai ga madatsar Tiga da Audu Bako ya gina ta kammala a 1974, ruwa ya fara biyo hanyarsa zuwa Kadawa. Gonakin da da ko akuya ba a ɗaurewa a ciki suka yi daraja. Nan rigima ta tashi tsakanin kakanka da wani maƙwabcinsa a kan kunya huɗu kacal. An daina gaisawa a masallaci. Ranar da dagaci ya fito, ni na riƙe wa kakanka buta. Dagacin tsoho ne, da sandarsa, ga masu unguwa biyu a bayansa, raɓa ta jiƙe mana ƙafafu. Bai tambayi kowa komai ba. Ya wuce kai tsaye gindin wata aduwa, ya juya gabas, ya yi ta takawa har ya tsaya a wani wuri da ba alamar komai, ya ce a tona. Aka sa fartanya, sai ga tsofaffin saiwoyin gamba a jere, wanda iyayensu suka dasa don iyaka. Ya ce yana yaro aka dasa shi, ya faɗi wanda ya ɗebo ruwan. Kunya uku ta maƙwabci ce, ɗaya ta kakanka. Kakanka ya tuɓe takalmi a cikin gonar nan, ya durƙusa ya yi godiya, alhali shi ya yi asara. A hanyar gida na tambaye shi dalili, ya ce, "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi." Kakarka kuwa cewa take, wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Ba zan ce maka zamanin duk daɗi ba ne. Haraji da jangali sun sa magidanta da yawa barin gida da rani, kuma ranar da Abubakar Rimi ya soke su a 1979 mun yi murna ƙwarai. Amma wanda ke karɓar harajin nan ya san kowane gida, ya san wa ya mutu, wa ya bar marayu, gonar wa ke jingina.

Abin da ke damuna da ku, kuna sayen ƙasa ta waya, ba ku taɓa taka iyakarta da ƙafa ba. Ko sunan mai gonar da ke gabas da taka ka sani? An raba gadonta kuwa kafin a sayar maka?

In ka tashi zuwa, ka biyo ta nan ranar Juma'a mu tafi tare. Goron ka bar mini, na san irin wanda ake kaiwa.