Amsa ga ƙanena a Bauchi: a nan haya ce ke fara cin albashi

Assalamu alaikum, ƙanena. Na karanta saƙonka, inda ka ce tunda ka kammala digiri a jami'ar ATBU kana neman gurbin karatu a Ingila, kuma a lissafinka aikin sa'o'i 20 a mako da bizar ɗalibi ta amince da shi zai riƙe ka, har ka riƙa aika wa Hajiya wani abu. Inda lissafin ya karkace shi ne, ka mayar da fam zuwa naira ba tare da ka duba ta inda kuɗin ke zurarewa ba.

A gida ciki ne ke cinye mafi yawan samu. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna fiye da rabin abin da magidanta ke kashewa a Najeriya abinci ne, kai ma shaida ne idan ka tuna cefanen kasuwannin Wunti da Muda Lawal. Haya kuwa sau ɗaya ake biyanta a shekara, wasu ma a gidan gado suke zaune.

A nan Ingila abin a juye yake. Abinci kimanin kashi ɗaya cikin goma ne na kashe-kashen iyali, haya ce take fara ɗaukar nata duk wata, kai tsaye daga asusunka, babu zancen roƙon mai gida ya yi haƙuri zuwa bayan Sallah. Kafin ma a miƙa maka makulli, sai ka ba da ajiyar da kan kai kuɗin hayar mako biyar. Daga Nuwamba zuwa Maris kuɗin ɗumama ɗaki ya hau, domin hunturun Bauchi wasan yara ne idan aka kwatanta da na nan. Harajin ƙaramar hukuma an yafe wa ɗalibi, amma yana jiran ka da zarar ka ajiye karatu. Kuɗin asibiti kuma tun wajen neman biza za a karɓe, fam 776 na kowace shekara tun daga 2024. Da Amurka ka nufa, da inshorar lafiya ce za ta zame maka haya ta biyu.

Saboda haka kada ka ɗauki alkawarin aike a shekarar farko, ni zan yi wa Hajiya bayani da kaina. Ka turo mini sunan garin da jami'ar take, in bincika maka kuɗin ɗaki a can, domin hayar Landan daban take da ta garuruwan arewacin Ingila. Ka gaida mutanen gida.